Ranar da Dattijuwa Ta Ƙi Tashi

A duk faɗin layin nan, kai har da layukan da ke bayansa, babu wanda Allah ya hore wa sanin mota kamar Injiniya. Daga bakinsa aka ji haka, kuma mutum mai girma irinsa ai ba zai yi wa kansa ƙage ba. Sauran masu gyara sai sun buɗe bonet, sun shafa baƙin mai har gwiwar hannu, kafin su gano abin da ke damun inji. Shi kuwa kunne kawai yake karkatawa. Yana zaune a kujerarsa ta roba a ƙofar gida mota za ta wuce, sai ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Wannan ba za ta kai ƙarshen wata ba." Motar ta yi tafiyarta, ba a sake ganinta a layin ba, shi ke nan magana ta tabbata. Don haka maƙwabta suka ƙara masa da Mai Kunnen Zinariya, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu, tunda bai taɓa tsayawa ya dubi fuskar masu faɗa ba.

Injiniyancin nan a ofis ya samo shi. Shi ne shugaban sashen motoci na wata ma'aikata har ya yi ritaya. Direba zai shigo ya durƙusa ya ce mota ta lalace, shi kuma ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "A kai ta gareji." Shekara da shekaru yana yanke wannan hukunci, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kuskure ba. Da zai bar aiki ya fito da abu biyu: laƙabin da ya raɗa wa kansa, da wata tsohuwar mota da ma'aikatar ta gaji da ita.

Dattijuwa yake kiranta. Ta girmi Auta, 'yarsa ta ƙarshe, nesa ba kusa ba. Yana da jan akwatin sifanu da ke ƙyalli kamar cokulan baƙi, yana kuma da farar riga irin ta likitoci da ke rataye a bayan ƙofar ɗakinsa. Makanikan bakin titi kuwa "masu lalube" yake ce musu. In Dattijuwa ta fara tari, can ƙarshen gari yake lallaɓawa da ita inda ba a san shi ba, a gyara, ya dawo ya shafa ɗan maiƙo a hannu ya zauna a ƙofar gida yana haki.

A irin wannan fita ce, bayan an sace motar wani a layin baya, ya sa mai gyaran wayoyin mota ya ɓoye masa wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujerar direba. In an danna shi wuta ba ta zuwa filogi. A murɗa makulli har hannu ya gaji, injin zai yi ta juyawa amma ba zai kama ba. Bai gaya wa matarsa ba, bai gaya wa 'ya'yansa ba, don a ganinsa sirrin injiniyoyi ya fi ƙarfin mutanen gida. Bai ma taɓa danna shi ba, tunda a tsakar gida motar take kwana.

To, Auta ta gama makarantar aikin jinya, ta daɗe a gida tana jiran kira har an fara yi mata kallon tausayi. Rannan kira ya zo daga wani asibiti da ke ɗaya gefen gari, a zo ganawar ɗaukar aiki washegari da safe. Gurbin kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka, kuma an faɗa musu ƙarara cewa wanda ya zo bayan an rufe ƙofa kada ma ya ƙwanƙwasa. Injiniya ya ce shi da kansa zai kai ta. Da yamma ya wanke Dattijuwa tas, ya goge ta, ya fito da ita ƙofar gida ya ce yau a waje za ta kwana, wai don ta sha iska. Iskar da yake nufi ita ce idon maƙwabta. Da yake a waje take, sai ya waiga hagu da dama, ya sunkuya, ya danna maɓallin nan a karo na farko. Ku riƙe wannan da kyau, don shi bai riƙe ba.

Da gari ya waye Auta ta fito tsaf, kaya a goge, takardunta a rungume, takalmin da ta aro wajen yayarta yana ɗan matse ta. Uwar ta rako ta ƙofa tana ta yi mata addu'a. Injiniya ya fito cikin fararen kaya masu sitaci, ya gaisa da wanda ya gaishe shi da wanda bai gaishe shi ba, ya shiga ya gyara madubi, ya murɗa makulli. Injin ya ce gur-gur-gur, ya yi shiru. Ya sake murɗawa, ya sake jin gur-gur-gur.

Wani mai tasi da gidansa ke kallon nasu yana goge gilashinsa. Ya tsallako ya ce, "Yallaɓai, hanyata ce ai. Bari in sauke ta, ka duba motar a tsanake."

Injiniya ya dube shi ta saman tabarau. "'Yar Injiniya ta sauka a ƙofar asibiti daga motar haya? Kai ba ka san manyan wurare ba. Masu ganawar nan ta taga suke leƙowa, tun daga motar da ta kawo mutum suke fara ba da maki. Je ka nemi abincinka, wannan aikin minti biyu ne."

Mai tasi ya dubi Auta, Auta ta dubi ƙasa, ya ja motarsa ya tafi.

Aka ɗauko farar riga da jan akwati. Kafin ya gama ɓalla maɓallan rigar layin ya cika, don mutane sun daɗe suna jin labarin aikin Injiniya, ba su taɓa gani da ido ba. Ya zaɓi Tela, babban mai yi masa kirari, ya ɗora shi a kujerar direba. "Kai ne mai murɗa makulli. Likita ba ya zama, a tsaye yake kan mara lafiya. Kada ka motsa daga nan sai na ce." Tela ya riƙe sitiyari yana washe baki kamar an ba shi motar.

"Jama'a, inji abu uku yake ci," in ji Injiniya, "iska, da mai, da wuta. In ɗaya ya yanke, ya kwanta." Wannan gaskiya ce, a jikin bangon wani gareji ya taɓa karantawa. Ya fara da iska. Ya buɗe gidan matata, ya leƙa, ya hura, ƙura ta dawo masa a ido, ya sanar cewa iska lafiyarta ƙalau.

Sai mai. Allurar da ke nuna mai ta mutu tun Auta tana rarrafe, don haka ya zare tiyo ya sa a baki ya zuƙa, kamar yadda ya ga masu lalube suna yi. Ba a gaya masa inda ake tsayawa ba. Fetur ya cika masa baki har hanci. Ya tsaya kumatu a kumbure, idanu jawur, jama'a na jiran sakamako. Da ya furzar ya gama tari, ya ɗanɗana leɓe ya ce, "Man ba laifi, amma an ɗan surka shi. Na ma san gidan man da suke wannan." Tela ya leƙo ta taga ya ce ko a ƙasashen waje ba a samun irin wannan harshe.

"Baba, rana tana yi," in ji Auta a hankali.

"Minti biyu."

Ya sa Tela ya yi ta murɗawa don kunnen zinariya ya saurara. Ya kara kunne a bonet, ya kara a ƙofa, ya zagaya ya kara a salansa. Gur-gur-gur ya koma gur, gur, daga nan ya koma ƙyas. Batir ya mutu murus. Injiniya ya miƙe da murmushin wanda ya kama ɓarawo. "Tun farko shi nake zargi, so nake ya tona kansa." Ya ba da umarni a tura. Magidanta masu tumbi suka tura Dattijuwa har ƙarshen layi, Tela yana sakin kuloc tana tirjewa, suka sake turo ta har ƙofar gida, ba ta ce musu uffan ba. Mai shago, da ya ga gumi ya ishe shi, ya je ya ciro batirin da yake kunna fanka da shi in an ɗauke wuta. Aka ɗaura, injin ya dawo da gur-gur-gur ɗinsa da ƙarfi.

Matarsa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baban Auta, ka bar yarinyar nan ta je bakin titi ta hau bas. Ka ga gabanta sai faɗuwa yake."

"A gaban mutanen nan? So kike a ce motar Injiniya ta gagari Injiniya? Ku mata ba ku da haƙurin kimiyya."

Auta ta ji. Ta san in ta juya ta tafi yanzu, duk layin zai san ta yanke ƙauna daga ubanta, kuma zai ji ciwon abin har ransa. Ta gyara rungumar takardunta ta ci gaba da tsayuwa.

Saura wuta. Ya zare waya ɗaya daga kan filogi, ya riƙe bakin ƙarfen da yatsu tsirara, ya ce Tela ya murɗa. Mai aski ya ce, "Yallaɓai, abin nan fa yana ja." Tela ya murɗa, ba abin da ya faru, tunda babu wutar da za ta ja kowa. Mai hankali zai ce to ga ciwon nan, wuta ce ba ta zuwa. Injiniya kuwa sai ya ɗaga wayar sama ya juya ga jama'a. "Kun gani? In ɗayanku ne da yanzu yana kwance. Ni wuta ta san ni. Mun daɗe tare, ba ta yi mini rashin kunya." Aka yi ta jinjina kai, wani ya ruga ya kira ƙaninsa ya zo ya ga abin mamaki.

Mai shago ne ya jawo abin da ya biyo baya, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Ya ce, "Injiniya, tunda a waje ta kwana, ko ɓarayi ne suka taɓa ta?"

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Sirrin da ya ɓoye wa matarsa bai iya ɓoye wa wannan taro ba. "Ɓarayi? Ba a haifi ɓarawon da zai tayar da motar nan ba. Akwai wata na'ura da na ƙera da hannuna, na ɓoye ta inda ko aljani ba zai gano ba. In na danna ta, ɓarawo ya zo da makullinsa, ya murɗa, injin ya yi ta juyawa gur-gur-gur, mai yana nan, iska tana nan, amma wuta ba za ta..."

Nan ya tuna. Ya ga kansa jiya da yamma, yana waige-waige, yana sunkuyawa. Gumin fuskarsa ya canza iri.

Tela ya leƙo. "Kenan kamar dai yadda take yi yan..."

"Kamar me?" Injiniya ya daka masa tsawa. "Wannan daban, wancan daban. Kai da ba ka wuce zare da allura ba, har ka fara koya mini inji? Wannan ciwo ne mai zurfi."

Da wannan ya rufe wa kansa ƙofa. A daidai lokacin nan komai na motar yana wurinsa, ga batir mai rai, ga mai a tanki. Da ya ce Tela ya ɗaga, ya sa hannu ya danna, da an yi masa dariya ta yini ɗaya, Auta kuma ta isa da sauran lokaci. Ya san haka sarai. Ya dubi 'yarsa, ita ma shi take kallo, ya yi maza ya kawar da kai. Sai dabara ta zo masa, irin wadda ke zuwa wa manyan mutane: zai yi wani gagarumin aiki na gani da ido, ya danna maɓallin a ɓoye, mota ta tashi, a ce aikin ne ya tashe ta.

"Za a yi tiyata," ya sanar. Ya kama wayoyin filogi guda huɗun nan ya tumɓuke su gaba ɗaya, sama da ƙasa. Kowace waya tana da raminta, kuma bi da bi wuta ke bin su, in aka sauya musu wuri inji ya rikice. Wannan ba a rubuta shi a bangon garejin ba. Ya hure su ɗaya bayan ɗaya, ya goge da hankici, ya ɗaga su a rana yana ƙanƙance ido, sannan ya mayar da su yadda suka fi yi masa kyau a ido.

Saura dannawa, ga Tela zaune daram a kan sirrin. Ya aike shi ya kawo man keken ɗinki. Tela bai gama fita ba mai shago ya faɗa kujerar, don shi ma ya daɗe yana kwaɗayin muƙamin. Injiniya ya saki sifana da gangan ta faɗa ƙarƙashin kujera, ya sunkuya zai ɗauka, mutum uku suka riga shi, suna cewa haba yallaɓai, muna tsaye ka sunkuya. Bai taɓa jin haushin girmamawa ba sai ran nan. Daga ƙarshe ya ce kowa ya ja da baya, zai saurari motar ta ƙasa. Ya durƙusa da fararen kayansa a cikin ƙasa, ya kwantar da kunnen zinariya a kan tabarmar ƙafa tsakanin takalman mai shago, ya zura hannu ya lalubo, ya danna.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ransa ya dawo. Sai ga Tela da man keke, bayansa kuma ga sababbin 'yan kallo da labari ya kai musu. "Yallaɓai, waɗannan sun ce ƙarya ne, wai ba mai riƙe wayar nan. Don Allah ka nuna musu." Injiniya ya ce lokaci ya ƙure. Wani daga baya ya ce da ma ya faɗa. Wannan kalma ita ta gama da shi. Ya zare wayar, ya riƙe bakin ƙarfen, yana sane da cewa yanzu wutar ta dawo gida. Mai shago ya murɗa.

Wutar ba ta gane shi ba. Tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma, ƙeyarsa ta daki bonet, ya saki wata ƙara da matarsa ta ce tun aurensu ba ta san yana da ita ba. Da ya dawo hayyacinsa ya ce wannan gaisuwa ce, alamar tiyata ta yi kyau. Ya mayar da wayar ya ce a murɗa. Injin ya yi gur-gur, ya shaƙe, ya yi wata irin atishawa ta kafireta mai haɗe da harshen wuta, ta lashe masa rabin gashin baki. Salansa ta amsa da ƙara kamar an fasa taya. Dattijuwa, wadda ta kwana lafiya ta tashi lafiya, yanzu ta samu ciwo na gaske, kuma likitanta bai san ko sunansa ba.

Da hayaƙi ya lafa ya waiga inda Auta take tsaye, sai ya ga uwarta ita kaɗai. "Ta tafi bakin titi," in ji ta. "Ni na ce ta tafi." Rana ta riga ta take sosai.

Sai bayan la'asar Auta ta dawo, takalmin aro a hannu, ƙafafunta duk ƙura. A asibitin ta tarar an rufe ƙofa, ta tsaya har aka fito da sunayen waɗanda aka ɗauka, ta juyo. Jama'a sun watse, mai shago ya karɓi batirinsa. Injiniya yana zaune a tsakar gida, farar rigar ta koma ta makanikai, yana shirya jawabin da zai yi mata a kan rashin ingancin kayan gyara na zamani. Ta ajiye takardunta, ta ɗebo ruwa a roba da sabulu, ta durƙusa ta ajiye a gabansa.

Ya gyara murya. "Auta, ciwon nan na Dattijuwa, ko a manyan littattafai..."

"Baba, na ga fuskarka lokacin da kake zancen na'urar nan," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Da ka raɗa mini inda take, da na shiga kamar zan ajiye jakata na danna maka. Ba wanda zai sani. Ni ma ai ba na so a yi maka dariya, shi ya sa na tsaya."

Ta tashi ta shige ɗakin uwarta. Mai Kunnen Zinariya, wanda ke jin ciwon mota tun daga ƙarshen layi, ya zauna yana jin kukan 'yarsa ta bayan labule, ya rasa sunan da zai ba shi.

Dattijuwa tana nan a ƙofar gida har yau, tunda kiran masu lalube a gaban maƙwabta ba girmansa ba ne, kuma ba ta iya kai kanta ƙarshen gari. Tayoyin sun sace, kajin mai aski suna ƙwai a kujerar baya. In baƙo ya tambaya, Injiniya yakan nuna ta da alfahari ya ce a waje take kwana, amma ba a haifi ɓarawon da zai tayar da ita ba. Gaskiyarsa ce kuwa. 'Yan layin ma addu'a suke Allah ya sa a haife shi, ko ya zo ya taimaki mai ita.